Me ya sa aka sallami masu rubuta Dungeons & Dragons alhali wasan yana cin kasuwa?

Tambaya: Malam, na ga labarin cewa kamfanin da ke buga littattafan Dungeons & Dragons ya rage ma'aikata ana saura mako biyu Kirsimeti a 2023, kuma an ce a shekarar wasan yana tashe. Ta yaya kamfani zai ci riba ya kori waɗanda suka kawo ribar? Sannan wasan ya kama hanyar mutuwa ke nan? Ni yanzu na fara koya, ba na so in zuba kuɗi a littattafan da gobe za a daina amfani da su.

Amsa: Ɗan'uwa, labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai umarnin sallamar daga sama ya sauko, kuma in ba a fara daga can ba lissafin ba zai fita ba. Mai buga littattafan shi ne Wizards of the Coast, wanda ke garin Renton kusa da Seattle, a jihar Washington ta Amurka. Tun 1999 Wizards ba shi da ikon kansa, domin a shekarar ne Hasbro ya saye shi a kan kusan dala miliyan 325. Hasbro kuwa katafaren kamfanin kayan wasan yara ne, mai Monopoly da Nerf da Play-Doh da Transformers, kuma a lokacin da abin ya faru hedikwatarsa tana Pawtucket a jihar Rhode Island, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Ranar 11 ga Disamba 2023 shugaban Hasbro, Chris Cocks, ya rubuta wa ma'aikata cewa za a rage mutum 1,100, wato wajen kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatan kamfanin, ƙari a kan wasu 800 da aka riga aka sallama a cikin shekarar. Hujjar da ya bayar ita ce cinikin kayan wasan yara ya ja baya tun bayan annobar korona, kuma bai farfaɗo ba har lokacin sayayyar ƙarshen shekara. Cikin kwana biyu zuwa uku ma'aikatan Wizards suka fara sanarwa da kansu a shafukan sada zumunta cewa abin ya shafe su: marubuta dokokin wasa, editoci, masu kula da zane-zane, masu hulɗa da kamfanonin da ke karɓar lasisi. Cikinsu har da Mike Mearls, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka jagoranci tsara bugu na biyar na wasan a 2014, bugun da ya dawo da sunan D&D bakin mutane.

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Mutum biyar ko shida ne za su zauna a tebur. Ɗaya shi ne jagora, wanda suke kira Dungeon Master, shi ke riƙe da labarin da duk abin da ke cikin duniyar. Sauran kowa da gwarzon da ya ƙirƙira, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da makamansa a takarda guda. Jagora zai ce, "Kun iso bakin kogo, ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo ya yi tsatsa, kuna jin numfashin wani abu a ciki." Ɗaya zai ce shi zai buɗe kwaɗon a ɓoye. Sai ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Ya samu 12, gwanintar gwarzonsa ta ƙara masa 3, ya zama 15, daidai da abin da jagora ya ƙayyade a ransa, ƙofa ta buɗe. Da 4 ya samu, da ƙila ƙarar ƙarfen ta tada abin da ke barci a ciki. Haka za a yi ta tafiya awa uku ko huɗu, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

Dubi teburin nan da idon ɗan kasuwa, domin rabin amsarka tana kansa. Manyan littattafan dokoki uku ne, kowanne wajen dala 50. Yawanci jagora ne ke sayen su, sauran su riƙa leƙa nasa. Bayan nan abin da ake bukata fensir ne da takarda da 'ya'yan lido. Bugu na biyar ya yi shekara goma cur, daga 2014 zuwa 2024, kafin a sabunta shi. Ke nan mutum shida suna iya yin shekara goma suna wasa kowane mako, suna son wasan kamar ransu, kamfani bai ga komai daga gare su ba sai dala 150 ɗin farko. Cynthia Williams, wadda ke shugabantar Wizards a lokacin, ta faɗa wa masu zuba jari a Disamba 2022 cewa ba a tatsar kuɗi daga D&D yadda ya kamata, ta kuma nuna cewa jagorori wajen kashi 20 ne na masu wasan amma su ke yin mafi yawan sayayya. 'Yan wasa sun ji haushin maganar, amma a lissafi ba ta yi ƙarya ba.

Wizards yana da wata haja da ba ta da wannan matsala: wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira aka fitar a 1993. Shi ana sayar da katunan ne a ƙunshi rufaffe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga, kuma ana fito da sababbin jeri sau da yawa a shekara, wanda ke son ya yi gasa dole ya ci gaba da saye. Magic ya haura dala biliyan 1 a cinikin shekara tun 2022. Saboda haka idan ka ji an ce sashen Wizards da wasannin kwamfuta ya kawo wa Hasbro kusan dala biliyan 1.46 a 2023, ƙarin kashi 10 a kan shekarar da ta gabata, da ribar aiki sama da dala miliyan 500, ka sani sama da biliyan 1 a ciki na Magic ne. A cikin ragowar ma akwai kuɗin lasisin wasan waya na Monopoly. D&D ya fi suna, Magic ya fi kawo kuɗi, kuma a ɗakin da ake raba kasafi mai kawo kuɗi ake saurara.

Amma duk da haka sashen riba ya ci, to me ya sa wuƙar ta bi ta kansa? Domin asusun ɗaya ne. A 2023 cinikin Hasbro gaba ɗaya ya sauka da kashi 15, zuwa wajen dala biliyan 5, sashen kayan wasan yara kaɗai ya faɗi da kashi 19. Lokacin kulle iyaye sun yi ta sayen kayan wasa don yara su zauna a gida, shaguna suka ɗauka haka za a ci gaba, suka cika sito, da aka buɗe gari ga tsadar rayuwa sai kaya suka yi kwantai. Ga kuma wani tsohon miki. A ƙarshen 2019 Hasbro ya sayi kamfanin fina-finai da talabijin na eOne a kan kusan dala biliyan 4, da bashi mai yawa, da burin ya zama mai shirya fina-finan kayansa da kansa. A 2023 ya sayar wa kamfanin fina-finai na Lionsgate ɓangaren fim da talabijin ɗin a kan wajen dala miliyan 500, ya riƙe zanen yara na Peppa Pig da wasu 'yan sunaye. Da aka rubuta faɗuwar darajar kadarorin a littafi, Hasbro ya rufe shekarar da asarar kusan dala biliyan 1.5. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma editan da ke Renton yana gyara dokar sihiri ba shi ya sayi eOne ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan shekarar ta asara Hasbro bai taɓa rabon masu hannun jari ba. Ya ci gaba da biyan santi 70 a kan kowane hannun jari duk wata uku, jimilla wajen dala miliyan 388 a shekarar. Ba wai babu kuɗi ba ne ƙwaf. Zaɓi aka yi tsakanin wanda za a ɓata wa rai, kuma mai hannun jari yana iya sayar da jarinsa ya karya farashi, yana iya ma haɗa kai a tsige shugabanni, ma'aikaci kuwa sai dai ya kwashe kayan teburinsa. Shugabannin Hasbro sun ɗanɗana wannan barazana a 2022, lokacin da wani kamfanin zuba jari mai suna Alta Fox ya matsa a ɓalle Wizards ya tsaya da ƙafarsa, yana cewa kayan wasan yara suna cinye ribarsa. Hasbro ya ci ƙuri'ar, Wizards ya zauna a gida, kuma tun daga nan dole shugabanni su riƙa nuna wa kasuwa cewa suna tsuke bakin aljihu. Idan aka yi alƙawarin rage kashe kuɗi da ɗaruruwan miliyoyi, ana raba wa kowane sashe nasa kaso ne, har da mai riba. Batun Disamba kuma na rufe littafin shekara ne: a zuba kuɗin sallama a lissafin shekarar da ta riga ta ɓaci, a shiga sabuwa da albashi mara nauyi.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ya shafi D&D kai tsaye. A 2023 Hasbro ya ga inda kuɗin sunan yake. A watan Agusta kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar da wasan kwamfuta Baldur's Gate 3, wanda aka gina a kan dokoki da duniyar D&D. Larian ne ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, ya yi shekaru yana aiki, ya ɗauki kasadar. Hasbro lasisi kawai ya bayar, ya karɓi kusan dala miliyan 90 a shekarar. Ka kwatanta da littafi: sai an biya marubuta da editoci da masu zane, a biya maɗaba'a, a biya jirgi da sito, dillali da mai shago su cire nasu. Duk wanda ke kallon takardar lissafi daga Pawtucket zai ce dukiyar tana cikin sunan ne, masu rubutu kuwa layin kashe kuɗi ne. Irin wannan tunanin ne ya sa Hasbro ya sayi dandalin intanet na D&D Beyond a 2022 a kan dala miliyan 146.3, inda ake biyan kuɗin wata-wata, don kowane ɗan wasa ya zama mai biya, ba jagora kaɗai ba. Shi ne kuma ya haifar da rikicin Janairu 2023, lokacin da aka tsegunta daftarin da zai soke tsohon lasisin da tun 2000 ya ba kowa damar buga kayan da suka dace da D&D kyauta, a maye gurbinsa da wanda zai karɓi kashi 25 na cinikin da ya haura dala 750,000. Masu wasa suka yi ca, suka riƙa soke rajistarsu a D&D Beyond, kamfani ya janye kafin watan ya ƙare.

A ganina nan ne lissafin ya yi kuskure, ko da yake kuskuren ba irin wanda ke bayyana a rahoton wata uku ba ne. Sunan da ake ba da haya, mutane ne suka cika shi da abin da ya sa ake son sa, kuma su ke tsare shi. Ɗauki aikin edita ɗaya. Marubuci ya kawo sabon sihiri da ke ba gwarzo ƙarin motsi a zagaye guda. A karance ba laifi. Editan da ya yi shekaru a gidan shi zai tuna cewa akwai wata baiwa a littafin da aka buga shekara shida baya, in aka haɗa ta da wannan sihiri ɗan wasa ɗaya zai gama da dodon da aka tsara don mutum biyar kafin kowa ya jefa ɗan lido. Zai kuma tuna cewa birnin da marubucin ya ambata an riga an ƙone shi a wani labari. Wannan sani ba ya cikin wani kundi, yana kan mutum ne, kuma yana fita ƙofa tare da shi. Baldur's Gate 3 ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards ranar 7 ga Disamba 2023, kwana huɗu kafin takardar Cocks. Bayan sallamar, shugaban Larian, Swen Vincke, ya rubuta cewa cikin mutanen Wizards da suka zauna da su a taron farko kusan babu wanda ya rage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Maris 2024 Larian ya ce ba zai yi kashi na huɗu ba, ko da yake Vincke ya fito ya ce ra'ayinsu ne na son yin nasu abin, kada a ɗora wa Wizards.

Kada kuma ka ɗauka Hasbro ne ya fara. Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiri wasan, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga shi a 1974. Shekara goma bayan nan TSR ya faɗaɗa fiye da ƙarfinsa, ya shiga bashi, ya rage ma'aikata da yawa, kuma a rigimar da ta biyo baya Gygax da kansa ya rasa kamfanin a 1985. A ƙarshen 1996 dillalinsu, Random House, ya dawo musu da tulin littattafan da ba a sayar ba, suka kasa biyan maɗaba'a, suka sallami mutane a Disamba, a 1997 Wizards ya saye su da kuɗin Magic. A ƙarƙashin Hasbro sallamar Disamba ta zama kamar al'ada har 'yan wasa suna zolaya da ita cikin ɗaci. Jonathan Tweet, wanda ya jagoranci bugu na uku, a Disamba 2008 aka sallame shi. Rob Heinsoo, jagoran bugu na huɗu, a Disamba 2009. In ka haɗa da Mearls, bugu uku ke nan a jere da wanda ya jagoranci tsara su ya fita ta wannan ƙofa. Dalilin a bayyane yake: sabon bugu yana bukatar hannaye da yawa kafin ya fito, in ya fito sai a ga za a iya ci gaba da 'yan ƙalilan na dindindin, sauran aikin a ba 'yan jinga da ake biya gwargwadon kalmomin da suka rubuta. Abin da ya sa na 2023 ya ba mutane mamaki shi ne an yi shi ana tsakiyar shirya littattafan cika shekara 50, ba bayan sun fito ba.

Dokar ƙasar ma tana sauƙaƙa wa kamfani. A kusan dukkan jihohin Amurka mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya nuna laifi ba, in dai ba wariya ce ko ramuwar gayya ba. Akwai dokar tarayya ta 1988 da ta tilasta wa manyan kamfanoni ba da sanarwar kwana 60 kafin sallamar jama'a da yawa, amma ba ta hana sallamar ba. Inshorar lafiyar yawancin ma'aikata tana ɗaure da aikinsu, saboda haka rasa aiki ya fi rasa albashi ciwo. Sannan duk abin da ma'aikaci ya rubuta mallakar kamfani ne. Wanda ya ƙirƙiri dodon da ke bangon littafi ba ya samun ko sisi in aka sa dodon a fim ko wasan kwamfuta. Irin wannan rashin tabbas yana cikin abin da ya sa ma'aikatan Paizo, babban abokin hamayyar Wizards, suka kafa ƙungiyar ƙwadago a Oktoba 2021, kuma kamfanin ya amince da ita.

Shi kansa Paizo ɗin misali ne na abin da ke biyo bayan irin wannan yankewa. Tsofaffin mutanen Wizards ne suka kafa shi a 2002, ƙarƙashin Lisa Stevens, suna buga mujallun D&D da lasisi. Da aka karɓe lasisin a 2007 sai suka fitar da nasu wasan, Pathfinder, a 2009, wanda ya yi wasu shekaru yana gaban D&D a shagunan wasa. Tweet da Heinsoo suka haɗu suka yi nasu wasan, 13th Age, a 2013. Mearls ya koma Chaosium, wani kamfanin buga irin waɗannan wasanni, a 2024. A Maris 2025 Wizards ya sallami mafi yawan masu aikin Sigil, manhajar tebur ta kwamfuta da aka ɗora wa buri, makonni kaɗan bayan fitar da ita. A bazarar 2025 kuma Chris Perkins da Jeremy Crawford, fuskokin D&D na shekara da shekaru, suka bar kamfanin da kansu bayan kammala sababbin littattafai, suka koma Darrington Press, kamfanin da ke buga wasan Daggerheart, mallakar masu shirin intanet na Critical Role. Sai dai kada a yi wa wannan ado da yawa. Masu suna su ke samun wurin sauka, ko su tara jari ta karo-karon intanet. Mai duba kurakuran rubutu da mai tsara shafi ba wanda ya san sunansu, kuma kamfanonin da ke iya biyan cikakken albashi a wannan sana'a ba su da yawa. Ƙananan kamfanonin ma harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin a 2025 ya matse su, tunda can ake buga akasarin akwatuna da 'ya'yan lido da littattafai masu launi.

Game da kuɗinka: wasan bai kama hanyar mutuwa ba. Sababbin littattafan uku sun fito a Satumba da Nuwamba 2024 da Fabrairu 2025, kuma an tsara su ne su tafi tare da labaran da aka buga tun 2014, saboda haka wanda ya sayi tsofaffin ko sababbin bai yi asara ba. Abin da zan ce ka sa wa ido shi ne bambanci tsakanin littafin takarda da sayayya a dandalin intanet. Na takarda naka ne ko kamfanin ya rufe gobe. Na dandali izinin karatu ka saya, yana nan muddin dandalin yana nan. In kuɗi ya yi ƙaranci, kada ka sayi komai tukuna. Sakamakon rikicin Janairu 2023, Wizards ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar, takardar da ake kira SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ba a iya janyewa. Kyauta ake sauke ta, kuma ta isa a fara wasa da ita. Lasisin ya halatta a fassara ta zuwa Hausa, a gina mata duniya da garuruwa da dodanni na gida, har a buga a sayar, da sharaɗin a rubuta cewa asalin dokokin na Wizards of the Coast ne, kuma kada a yi amfani da tambarin D&D ko labaran duniyoyinsu da ba sa cikin takardar.